Ɗan Zango a lissafin gwamnati: yadda ake auna talaucin yara, da waɗanda awon ke tsallakewa a Legas

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar Mile 12 ta Legas da sassafe, lokacin da manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa daga Arewa, ya ga yaran nan. Wasu na tsintar tumatirin da ya fashe suna tarawa a roba, wasu da tire a ka, wasu kuma na bin masu cefane ko za a ba su dako. A daidai lokacin nan sa'o'insu na cikin motar haya ta danfo sanye da kayan makaranta. Ka tsayar da ɗaya ka ce, "Kai yaro, ɗan ina ne?" sai ya ce maka Katsina ko Sakkwato, alhali a Ketu aka yanke masa cibiya, kuma ko Ibadan bai taɓa ƙetarewa ba. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in gwamnati ta zauna lissafin yaran da ke cikin talauci a Najeriya, a wane shafi take rubuta wannan yaron? Shafin Legas, ko na Katsina, ko kuwa babu shi a ko'ina?

Kafin a kai ga amsa sai an fahimci yadda ake awon, don gwamnati na da mudu biyu, kuma ba hatsi ɗaya suke aunawa ba.

Mudu na farko na kuɗi ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta yi binciken yanayin rayuwar iyalai a 2018 zuwa 2019, ta ja layi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara. Wanda abin da yake kashewa a kan ci da sha da sutura da sauran buƙatu bai kai haka ba, shi ne talaka. In ka raba kuɗin a kan kwanakin shekara, naira 376 ne da 'yan kwabbai a rana. Da wannan mudu aka samu kashi 40.1 cikin 100 na 'yan ƙasa, kusan mutum miliyan 83, a ƙarƙashin layin, ban da jihar Borno da ba a saka a lissafin ba saboda rashin tsaro. Sakkwato ta zo da kusan kashi 88. Legas kuwa kashi 4.5 kacal, mafi ƙanƙanta a duk faɗin ƙasar. Wato a cikin mutum ɗari na Legas, ko biyar ba su cika ba waɗanda gwamnati za ta kira talakawa.

Mazaunin Agege ko Idi-Araba da ya ji wannan adadi dariya zai yi, kuma yana da gaskiyarsa. Mudun kuɗi yana duba abin da ya fita daga aljihunka ne, kuma a Legas komai da kuɗi ake yin sa. Ruwa saye ake yi wurin 'yan garuwa, banɗaki a wasu unguwanni biya ake yi, ɗaki sai da kuɗin haya na shekara gaba ɗaya, ga na ajan, ga na agrimen. Magidancin da ke kashe dubu uku a rana a kan iyali shida ya haura layin, a takarda ba talaka ba ne, ko da rabin kuɗin a mota da ruwa ya tafi, yaran kuma garin kwaki suka sha suka kwanta. Ɗan'uwansa da ke ƙauyen Illela, wanda bai riƙe ko dubu ɗaya ba a ranar, mai yiwuwa yana da gero a rumbu da akuya a turke, kuma ba wanda zai zo masa da takardar tashi. Masu binciken sun yi ƙoƙarin daidaita bambancin farashi tsakanin yankuna, ba a ƙi ba, sai dai akwai nau'in tsadar birni da ba ta shiga kowane irin daidaitawa.

Mudu na biyu ya fi kusa da gaskiya. A watan Nuwamba na 2022 NBS ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa, da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNDP da UNICEF da kuma masana daga jami'ar Oxford ta Ingila. An shiga gidaje sama da 56,000 a jihohi 36 da Abuja, tsakanin Nuwamba 2021 da Fabrairu 2022. A nan ba a tambayi mutum nawa yake samu ba. An duba abin da ya rasa ne, a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aikin yi da masifun da ke afka wa mutane. A ƙarƙashinsu akwai ma'auni goma sha biyar. Ana tambaya ko akwai mai fama da ƙarancin abinci mai gina jiki a gidan, ko ana kwana da yunwa, ko asibiti ya yi nisa, ko akwai yaron da ya isa makaranta ba ya zuwa, ko yana zuwa amma sa'o'insa sun bar shi a baya, wane ruwa ake sha, da me ake girki, da me aka gina ɗakin, ko akwai mai neman aiki bai samu ba, ko an taɓa kawo wa gidan hari. Kowace tambaya da nauyinta. Gidan da rashinsa ya kai kashi 26 cikin 100 na jimillar nauyin, to shi da duk wanda ke cikinsa talakawa ne.

Abin da ya fito ya girgiza mutane: kashi 63 cikin 100, mutum miliyan 133. Kashi 65 na waɗannan, kimanin miliyan 86, a Arewa suke. A karkara kashi 72, a birane kashi 42. Sakkwato kashi 91, Ondo kashi 27, ita ce mafi sauƙi. Legas ta tashi daga 4.5 ɗin nan zuwa kashi 29 da ɗoriya, sama da mutum miliyan huɗu. Jiha ɗaya, shekaru uku tsakani, mudu ya canza sai talakawa suka ninka har sau shida. Ba mutanen ne suka talauce dare ɗaya ba. Tun can suna nan, tambayar da aka yi musu ce ta bambanta.

A kan yara, rahoton ya ce kashi 67.5 na 'yan ƙasa da shekara 18 na cikin talauci, kuma rabin duk talakawan Najeriya, kashi 51, yara ne. Sannan aka yi wani abu da ya kamata a yaba: aka ware ma'auni na musamman ga yaran da ba su kai shekara biyar ba, aka ƙara fanni na biyar a kan girman yaro da tsirar rayuwarsa. A ciki ana duba ko ƙwararriyar ma'aikaciyar lafiya ce ta karɓi haihuwarsa, ko an shayar da shi nono zalla, ko ya samu rigakafi da sinadarin bitamin A, ko yana da wurin wasa, ko akan bar shi a hannun yaro ɗan'uwansa, ko akwai babban da ke zama da shi yana yi masa hira da tatsuniya da waƙa. Da wannan awo, babu jiha ko ɗaya a Najeriya da talaucin ƙananan yara bai wuce rabi ba, har da Legas. A Bayelsa da Sakkwato da Gombe da Kebbi ya haura kashi 95. Abin mamakin shi ne, ma'aunin da yara suka fi faɗuwa a kansa ba abinci ba ne, wancan na zama da yaro ana yi masa magana ne. Matar da ta fita tun asuba da kwanon abincin sayarwa, ba ta dawo ba sai bayan magariba, ta bar jinjiri a hannun 'yar shekara bakwai, ta san abin da ake nufi ko da ba ta taɓa jin labarin rahoton ba.

A shekarar ta 2022 ma gwamnatin tarayya da UNICEF sun fitar da wani nazarin daban wanda ya ce kashi 54 na yara ne ke fama da rashi a fannoni uku ko fiye, kashi 47.4 kuma na zaune a gidajen da ke ƙasa da layin naira 376. Kada wannan ya rikita mai karatu. Tambayoyi ne mabambanta da layuka mabambanta, shi ya sa ake jin 47 da 54 da 67.5 duk a kan yara ɗaya. Ɗan siyasa kuma yakan ɗauki wanda ya yi masa daɗi.

Inda mudun ke yoyo

Ko wannan awo mai fuskoki da yawa, an fi ɗinka shi a jikin talaucin ƙauye. A cikin ma'auni goma sha biyar ɗin nan babu cunkoso, babu kuɗin haya, babu fargabar rusau. Ɗauki gidan haya irin na Zangon Agege, mai ɗakuna a jere suna kallon juna: daɓen siminti, rufin kwano, bangon bulo, ana girki da gas ko kananzir, asibitin gwamnati tafiyar minti goma a ƙasa. A takarda wannan gida ya ci ma'auni da dama. Amma mutum tara ne ke kwana a ɗaki ɗaya, yara ba su da inda za su buɗe littafi, in ƙyanda ko amai da gudawa ya kama ɗaya sai ya bi su kaf. Ma'aunin asibiti yana tambayar ko tafiyar ta kai minti ashirin a ƙafa. Bai tambayi ko uwar na da kuɗin kati da na magani ba, ko kuwa in ta je akwai mai jin Hausa da za ta yi wa bayanin abin da ke damun ɗanta. Da yawa daga cikin matanmu Yarabanci suke ji kamar jakin Kano, musamman waɗanda aka haifa a nan, amma amaryar da aka kawo daga ƙauye bara ba ta jin ko "zo in kashe ki", kuma ita ce mai ciki na fari.

Na biyu, irin wannan bincike gida-gida yake bi. Ana zaɓo unguwanni, a jera gidajen cikinsu, a zaɓi wasu a shiga. Yaron da ke kwana a rumfar kasuwa, ko a harabar masallaci, ko ƙarƙashin gadar Ijora, ko a cikin tarin kayan bola inda yake taya ubangidansa ware roba da ƙarfe, ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Almajirin da malaminsa ya taho da shi ci-rani haka. 'Yar aikin da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke a gidan masu hali a Surulere kuwa, in an ƙirga ta ma, da arzikin gidan za a auna ta, sai ta fito a jerin masu wadata. Wato waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne mudun ya fi saurin tsallakewa.

Na uku, matsakaicin lissafi yana ɓoye mutane. An tsara binciken 2022 yadda zai ba da sakamako a matakin mazaɓun sanata 109, kuma wannan ci gaba ne a kan na jiha-jiha. To amma dubi mazaɓar Legas ta Yamma: ƙananan hukumomi goma, daga Ikeja da unguwannin manyanta, zuwa Agege da Mushin da Alimosho da Ajegunle, har Ojo inda Alaba Rago take, har Badagry a bakin iyaka. Duk adadi ɗaya aka ba su. Obalende da Ikoyi ƙaramar hukuma ɗaya suke, Eti-Osa. In ka haɗa ɗan maigadi da ɗan mai gidan ka raba biyu, sai ka samu yara biyu masu rufin asiri, waɗanda babu ko ɗayansu a zahiri.

Sai babbar matsala, wadda duk sauran ke zaune a kanta. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. A waccan ƙidaya an ba Legas mutum miliyan tara da 'yan kai, Kano miliyan 9.4, gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin ya haura miliyan 17. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023 aka ɗage. Duk miliyoyin da ake ambata yau ƙiyasi ne da aka ɗora a kan adadin da tun ranar farko ake gardama a kansa. Jaririn da aka ƙirga a goye a 2006 yanzu shi ma yana iya zama uba.

Daga awo zuwa rabo

Awo dai ba ya cika ciki. Me aka yi da shi?

A ɓangaren doka, an daɗe da gamawa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tun 2003 take, Legas ta yi tata a 2007, tun kafin yawancin jihohin Arewa su waiwayi maganar. Dokar ta hana sa yaro bara ko talla. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko na karatu kyauta ne kuma dole, har da hukunci a kan uban da ya ƙi kai ɗansa. In da takarda na raino, da tuni an wuce wurin.

A ɓangaren kuɗi, gwamnatin Buhari ta fito da shirye-shiryen tallafi a 2016, kuma biyu daga ciki sun shafi yara kai tsaye. Na farko ciyar da 'yan firamare aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati, a kan naira 70 kowane kwano, daga baya aka ɗaga zuwa 100. Na biyu ba gidaje mafiya talauci naira 5,000 a wata, ana biya 10,000 duk wata biyu, yawanci a hannun uwar gida. Kuɗin ya fito ne daga bashin dala miliyan 500 na Bankin Duniya da kuma kimanin dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Raba 5,000 a kan iyali shida na kwana talatin, za ka samu naira 28 ga kowane mutum a rana, a ƙasar da ita kanta gwamnati ta ce sai da 376 ake fita daga talauci. A ranar 12 ga Yuni 2019 Buhari ya yi alkawarin fitar da mutum miliyan 100 daga talauci cikin shekara goma. Bayan shekara uku hukumar gwamnatinsa ta fito da miliyan 133.

Yadda ake shiga rajistar masu karɓar tallafin shi ne ya fi shafar mutanenmu na Legas. Tsarin ya ce a fara da ƙananan hukumomi mafiya talauci, a tara mutanen gari su faɗi da bakinsu yadda talaka yake a wurinsu, su lissafo gidajen, sannan ma'aikata su bi su cike takarda a tantance. A ƙauyen da kowa ya san kakan kowa, wannan dabara ce mai kyau, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A unguwar da ɗan haya ke tashi duk shekara biyu, kuma masu faɗa a ji su ne masu gidaje da 'yan ƙungiyar ci gaban unguwa, wa zai tuna da matar mai shayin da ke ɗakin baya? Annobar korona ce ta tona wannan asiri. Da aka kulle Legas a ƙarshen Maris 2020, sai aka ga miliyoyin masu nema da hannu zuwa baki babu sunansu a ko'ina, har sai da aka buɗe wata rajistar gaggawa ta talakawan birni a 2021, wadda ake shiga ta wayar salula.

Ciyarwar makaranta ma haka take. Kwanon yana jiran yaro ne a ajin makarantar gwamnati. Wanda ba ya zuwa makaranta bai gan shi ba, wanda yake makarantar allo bai gan shi ba, haka wanda yake ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin lungu. Kuma a Legas waɗannan na ƙarshe ba tsiraru ba ne. Ƙidayar da aka yi a 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000 a jihar, alhali firamaren gwamnati kimanin dubu ɗaya ne. Da yawansu ba na masu kuɗi ba ne, ɗaki biyu ne da benci, iyaye na biya da kaɗan-kaɗan saboda ta fi kusa da gida kuma yaro ba sai ya tsallaka babban titi ba.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da 1,500. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Duk alƙaluman talaucin da na ambata a sama an tattara su ne kafin wannan guguwa. Don rage raɗaɗi aka yi alkawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, da bashin dala miliyan 800 na Bankin Duniya. A Janairu 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya na wani lokaci. Da aka dawo da biyan, sai aka ce dole sai mai lambar NIN da asusun banki ko na waya da aka tantance. Hujjar a fili take, an gaji da sunayen bogi. Amma matar da ba ta da NIN, ba ta da asusu, wayar ma ta mijinta ce, ita ce ainihin wadda aka ce don ita aka ciwo bashin.

Akwai abin da aka gwada a gida kuma ya yi aiki, ba sai an je Brazil ko Afirka ta Kudu ba, ko da yake ita Afirka ta Kudu tun 1998 take biyan kuɗin rainon yaro wata-wata ga iyaye marasa ƙarfi. A Jigawa da Zamfara, daga 2013 zuwa 2019, an yi shirin da Birtaniya ta ɗauki nauyi, inda mace ke karɓar naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, haɗe da koyar da yadda ake ciyar da jariri. Da aka bibiya, an ga tsumburewar yara ta ragu a garuruwan da suka amfana. Sirrin shi ne an bi yaron ne, ba gidan ba, kuma an kama shi a kwanaki dubu na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa da ƙashi ke ginuwa, wanda in ya wuce ba a maido shi. A ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ban ga dalilin da zai sa irin wannan ya tsaya a matsayin gwaji ba. Kuma irinsa ya fi dacewa da birni, don mai ciki ba ta ɓoyuwa, ba ta buƙatar mai unguwa ya shaide ta.

Hannun da ke bayarwa da wanda ke karɓewa

A yi wa gwamnatin Legas adalci. Firamarenta ba a biyan kuɗin makaranta, kuma ba a korar yaro don ubansa ɗan Kebbi ne. Tana biya wa ɗaliban sakandarenta kuɗin jarrabawar WAEC. Ta kafa hukumar rajistar mazauna jiha, LASRRA, tun 2011, wadda ke rubuta duk mai zama a jihar ba tare da duba asali ba. Tana da inshorar lafiya ta Ilera Eko, kuma tun 2019 take shirin EKOEXCEL na gyara koyarwa a firamare. Mafi ƙarancin albashinta naira 85,000 ne, sama da 70,000 na tarayya, ko da yake mai dako da mai wankin takalmi ba su da alaƙa da wannan.

Sai dai ita wannan gwamnati tana da wasu manufofin da ba a taɓa sa su a babin yara ba, alhali a kan yara suke sauka. An hana acaba a wasu sassan jihar a Fabrairu 2020, aka tsananta a Yuni 2022 a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Shomolu da Oshodi-Isolo. An kama babura an niƙe. Gwamnati na da hujjarta ta haɗurra da tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce. Amma kowane babur yana ciyar da wani gida, kuma sau da yawa gidan ba a Legas yake ba. Ɗan ci-ranin da ke kwana shi da mutum goma a shago, yana tura kuɗi gida duk Juma'a ta wurin mai POS, shi ne rumbun 'ya'yansa a Jigawa ko Zamfara. Ranar da aka kama babur ɗinsa a Oshodi, tukunya ce ta mutu a wani ƙauye mai nisan kilomita dubu. In masu bincike suka zo, a shafin Zamfara za su rubuta yunwar, Legas kuma adadinta ya ƙara kyau. Haka rusau. Tsakanin ƙarshen 2016 da Afrilu 2017 an tashi mutanen Otodo Gbame da ke bakin ruwa a yankin Lekki, kimanin mutum 30,000. Yaron da aka rushe masa ɗaki a tsakiyar zangon karatu ya bar makaranta, ya bar rajista, ya bar taswirar da masu bincike za su bi. Dokar hana talla a kan titi ta 2003, wadda aka farfaɗo da ita a 2016 da tarar naira 90,000 ko wata shida a gidan yari, tana kawar da yaron daga idon masu mota ne. Dalilin da ya fito da shi yana nan a gida yana jira.

Mu ma da namu laifin, kuma ba zan yi shiru a kai ba. Akwai uban da ke samun abin da ya ishe shi a kasuwar shanu ko canji, amma 'yarsa na yawo da tiren goro a tashar mota har dare, wai tana tara kuɗin kayan ɗaki. Akwai mai cewa, "Ai mu baƙi ne, gida za mu koma," shekara talatin kenan yana faɗa, ya aurar da 'ya'ya a nan, bai yi wa ko ɗaya takarda ba. Na taɓa tambayar wani dattijo a unguwarmu me ya sa jikokinsa ba su da takardar haihuwa, sai ya ce, "Ɗana, takardar me? Ai ga su nan kana gani." Na ce, "Baba, ni ina gani, gwamnati ce ba ta gani." Ya yi dariya ya ce gwamnati ai ba ta ganin kowa sai lokacin zaɓe. Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Tsoron ma'aikaci mai riƙe da takarda ma ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka saba ganin ana rubuta suna kafin a zo da motar rusau ko ta kama mabarata a kai cibiyar gyaran hali ta Majidun, ba za su yi saurin buɗe ƙofa ga mai tambayar mutum nawa ke kwana a ɗaki ba.

Shi kuwa yaron Mile 12, in ya girma ya nemi gurbin karatu ko aikin gwamnatin tarayya, za a ce ya kawo takardar shaidar asali, kuma ba Kosofe, ƙaramar hukumar da aka haife shi, za ta ba shi ba. Sai ya hau mota zuwa ƙaramar hukumar kakansa, inda ba wanda ya san fuskarsa. Can suna ganin ya tafi Kudu ya huta, nan ana ganin baƙo ne mai shirin komawa. Hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, hankalin kowa a kanta yana Arewa ne, kamar babu makarantar allo a Agege.

Abin da ke hannunmu ba shi da yawa, amma akwai shi. Fadar Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran zanguna, da shugabannin kasuwa, da limamai, da malaman Islamiyya, sun san gidajen da ba a hura wuta, sun san marayu da sunayensu, sanin da babu wani jami'in ƙididdiga da zai same shi cikin wata huɗu. Wannan sani a ka yake, ba a rubuce ba, shi ya sa in aka zo rajista ba ya shiga. Mataki na farko ma bai kai nan ba. Binciken da NBS da UNICEF suka yi a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ce ke ba da takardar, tana da ma'aikata a cibiyoyin lafiya da sakatariyar ƙananan hukumomi, kuma a doka rajistar sabon jariri kyauta ce. Wadda ta haihu a asibiti takan ci karo da su. Wadda ta haihu a ɗaki a hannun ungozoma, aka yi suna ranar bakwai aka yanka rago, liman ya yi addu'a aka watse, sai wani ya tashi takanas ya je ya karɓo.